ZARE: Tikitin zagaye duniya, da lissafin hanyar da Katsinawa suka riga mu yi

1/
Zaren yau dogo ne, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare. Magana ce a kan tikitin zagaye duniya a jirgin sama, amma ta Ƙofar Marusa za mu fita, mu bi ta Sudan, mu leƙa Landan tare da Sarki Dikko, sannan mu dawo gida. Ku gyara zama.

2/
Abin da ya jawo maganar: shekaranjiya da daddare muna zaune wurin mai shayi nan bakin Ƙofar Marusa, wani abokina mai sayar da kayan waya ya ce wai ya ji akwai tikiti ɗaya tak da mutum zai saya ya zagaye duniya da shi. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Malam sha shayinka, ko Jibiya ba ka je ba bana." To amma fa gaskiyarsa ce. Akwai shi.

3/
Manyan kamfanonin jiragen sama sun haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya. Star Alliance ta fara a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Kamar 'yan adashe ne, kowa da nasa jirgin amma suna karɓar fasinjan juna. Shi ya sa za a iya yanka maka tikiti ɗaya ka hau jirgin Masar, ka sauka ka hau na Indiya, ka ƙare da na Jamus.

4/
Sai dai tikitin na da sharuɗɗa. Bari in kawo na Star Alliance, tunda biyu daga cikin 'ya'yanta, EgyptAir da Ethiopian, suna sauka Kano:
• ƙasar da ka tashi, nan za ka dawo
• fuska ɗaya za ka yi, ko gabas ko yamma
• ka tsallake Atlantika sau ɗaya, Fasifik sau ɗaya
• hawa jirgi kada ya wuce 16, yada zango kada ya wuce 15
• ka gama cikin wata 12

5/
Sai babban sharaɗin, wato mil. Ba a sayar maka da duniya gaba ɗaya, mudu ake auna maka: mil 29,000, ko 34,000, ko 39,000. Kewayen duniya ta tsakiyarta mil 24,901 ne. Ke nan mai ƙaramin mudu rarar da ke hannunsa ba ta wuce mil 4,000 da 'yan kai ba. Kowace ratse ka yi daga cikin wannan rarar ake cirewa.

6/
Da na dawo gida na kasa barci. Ba don ina da kuɗin tikitin ba, Allah na tuba, ko na Abuja sai na yi shawara da aljihu. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne wannan lissafin ba baƙo ba ne a garin nan. Mudun hanya, yawan zango, ranar komowa: kakanninmu sun yi shi tun babu injin. Kuma a gidanmu akwai wanda lissafin ya ɓace wa. Zan zo kansa.

7/
Mu fara daga ganuwa. Katsina birni ne mai ƙofofi: Marusa, Durɓi, Sauri, Ƙaura, Ƙwaya, Guga, 'Yanɗaka. Da yawansu sunan sarauta suke ɗauke da shi, shi kansa Marusa sarauta ce da har yau take nan a masarautar Katsina. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya shigo garin a 1851 ya ƙiyasta kewayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14.

8/
Kafin jihadi Katsina ce babbar tashar fataken Sahara a ƙasar Hausa. Kaya na tasowa daga Tarabulus, su biyo Gadamas da Gat da Agadas, su sauka nan. Daga baya ne kasuwar ta koma Kano. Don haka mutumin da ya tashi cikin ganuwar nan shekara 300 da suka wuce ya san sunayen garuruwan da yau sai mun buɗe taswirar waya muke ganinsu.

9/
Ayari ba ya tashi da ka. Akwai madugu, shi ne shugaba, shi ke cinikin fito da kuɗin hanya da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki. Mudunsu kuwa ruwa ne: daga wannan rijiya zuwa waccan kwana nawa ne, salka nawa raƙumi zai ɗauka. Wanda ya kuskure wannan lissafin ba tara ake cinsa ba, ransa ne.

10/
Cikin waɗanda suka fita daga Katsina suka yi gabas akwai Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda littattafan Larabci ke kira Al-Kashnawi, wato Bakatsine. Masanin lissafi ne da taurari. Wajen 1732 ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda duk layin da ka haɗa, tsaye ko kwance ko karkace, jimla ɗaya zai ba ka.

11/
Ya sauke farali, ya zauna Alƙahira yana karantarwa, can ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan Abdurrahman al-Jabarti. Ku lura da wannan: gwanin lissafi ne, amma bai sake ganin ganuwar Katsina ba. A wancan zamanin tafiya gabas sau da yawa zuwa ne kawai.

12/
Shi ya sa in mutum zai tafi hajji da ƙafa yake raba gado tun yana raye, ya biya bashi, ya nemi gafarar dangi gida-gida. Wasu har sallamar matansu suke yi don kada a bar baiwar Allah tana jiran abin da ba a san ranarsa ba. Ana raka shi bayan gari ana kuka kamar an fita da gawa.

13/
A 1903 hanyar ta ƙara cika. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutanen har Sudan, suka kafa gari a bakin Kogin Nilu kusa da Sannar. Har yau sunan garin Mai Wurno.

14/
Ga hanyar da talakawa suka riƙa bi a ƙarni na 20, ku riƙe ta don za mu sake haɗuwa da ita: Kano, Yarwa, Fort Lami wadda yau ake kira Njamena, Abeshe, Janaina, Alfashir, Al'ubayyid, Hartum, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya, a tsallaka zuwa Jidda. Daga Al'ubayyid akwai jirgin ƙasa, ga mai kuɗin shiga.

15/
Mudun talaka guzuri ne. Ka yi tafiya har inda kuɗinka ya ƙare, ka tsaya ka yi ƙodago, ka tara, ka ƙara gaba. A 1925 aka gama madatsar ruwan Sannar, aka buɗe gonakin audugar Jazira, suna neman hannu ido rufe. Mahajjatanmu suka zama 'yan cirar auduga. Zangon wata uku ya koma shekara uku, shekara uku ta koma aure da 'ya'ya.

16/
Wani masani, C. Bawa Yamba, ya zauna da jikokin waɗannan mutanen a Sudan, ya fitar da littafi a 1995 mai suna Permanent Pilgrims. Abin da ya tarar: mutum an haifi ubansa a can, an haife shi a can, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi matafiyi ne, yana kan hanyar Makka. Kalmar nan "takari" da muke jifan mutane da ita daga "Takruri" take, sunan da Larabawa ke kiran mutanen Afirka ta Yamma.

17/
To ga na gidanmu. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da wa. Tana yarinya, Sarki Dikko na raye, ya sayar da amfanin gonarsa bayan girbi, ya ɗaura wa jaki kaya, shi da matarsa suka fita. Ta ce har bayan ganuwa ta bi su tana riƙe da igiyar jakin, sai da ya tsawata mata ta koma. Ya ce mata shekara biyu zai yi.

18/
Bayan shekaru wani alhaji da ya komo ya kawo wasiƙa da ajami. Yana lafiya, yana Jazira yana aikin auduga, an yi masu haihuwa, baɗi in Allah ya yarda zai tsallaka. Ita ke nan. Babu ta biyu. Wasiƙar na nan cikin wani tsohon gwangwanin alewa, ta yi laushi kamar tsumma.

19/
Ina yaro duk alhajin da ya sauka a unguwa sai ta ja ni mun je barka. Kowa na jiran dabino da zamzam da tsaraba, ita kuwa sai ta matsa kusa ta ce, "Alhaji, ko ka gamu da wani mutumen Ƙofar Marusa can, dogo, mai tabo a goshi?" In mun fito in ce, "Kaka, ai yanzu ya tsufa." Ta ce, "Kai dai maigidan, wuce mu tahi, mi ka sani?"

20/
Yanzu ku kwatanta da wani Bakatsinen da ya yi nasa lissafin daban. Muhammadu Dikko yana Durɓin Katsina Turawa suka ɗora shi kan sarauta a 1906, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1944. A 1921 ya ƙudurta zuwa hajji yana kan gado.

21/
Matsalarsa ba guzuri ba ce, lokaci ne. Sarki ba zai bar gari shekara uku yana cirar auduga a hanya ba, kafin ya komo an naɗa wani. To sai ya juya wa gabas baya. Makka na gabas, shi ya yi kudu: Katsina zuwa Kano, ya shiga jirgin ƙasa, wanda bai fi shekara goma da isowa Kano ba, har Ikko. Daga nan jirgin ruwa zuwa Ingila.

22/
A Landan ya gana da Sarkin Ingila Joji na biyar. Daga can ya gangaro ta Bahar Rum da Masar da Bahar Maliya zuwa Jidda. Hajjin shekarar a watan Agusta ya faɗo. Lokacin ma babu ƙasar da ake kira Saudiyya, Sharif Husaini ke riƙe da Hijaz, sai 1924 mutanen Ibn Sa'ud suka shiga Makka.

23/
Mu buga lissafi. Daga Katsina zuwa Jidda in ka miƙe kamar tsuntsu bai cika mil 2,200 ba. Shi kuwa: kusan 100 zuwa Kano, kusan 700 a dogo zuwa Ikko, fiye da 4,000 a teku zuwa Ingila, sannan kusan 3,000 daga Landan zuwa Jidda ko da a miƙe ne. Ya haura ninki uku na hanyar talaka. Amma a watanni ya je ya komo.

24/
Kada kuma mu yi kamar babu siyasa a ciki. Turawa na son sarakuna su ga ƙarfin Ingila da idonsu su komo su ba da labari. Shi ma Dikko, da ya karɓi sarauta daga hannunsu kuma ba daga tsohon gidan sarautar Dallazawa ya fito ba, zama Alhaji ya ƙara masa nauyi a idon talakawa da malamai. Kowa ya ci ribarsa. Malam Bello Kagara ya rubuta tarihinsa da Hausa, mai son ƙarin bayani ya neme shi.

25/
Shekara huɗu bayan wannan tafiyar sai sama ta buɗe. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka Kano. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Kano. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso a ƙarshen Oktoba.

26/
Ta ina suka biyo? Hartum, Alfashir, Fort Lami, Yarwa, Kano. Ku koma lamba 14 ku duba. Hanyar mahajjata ce sak, sai dai su daga gabas suka taso. Dalili kuwa jirgin lokacin shi ma yana da mudunsa: tankin mai. Dole ya bi inda akwai gari da ruwa da filin sauka, kamar dai jaki.

27/
A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano a kan wannan layin. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, daga 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Yarwa, Janaina, Hartum zuwa Masar. Dubbai ne suka bi ta nan.

28/
Wato ana iya cewa lokacin da wan kakata ke jan jakinsa wajen Abeshe ko Alfashir, jirage na wucewa ta saman kansa suna cinye tafiyarsa ta wata guda kafin azahar. Wannan tunanin ya fi komai tsaya mani a wuya cikin duk labarin nan.

29/
Cikin waɗanda suka yi aiki a wannan layin lokacin yaƙi akwai kamfanin Amurka Pan Am. Bayan yaƙi, a watan Yuni 1947, shi ne ya fara jigilar fasinja ta zagaye duniya a kai a kai. Shekara 23 kacal kafin nan, a 1924, sojojin Amurka da suka fara zagaye duniya ta sama sai da suka yi kwana 175.

30/
A wancan zamanin Kano babbar mahaɗa ce. Jirgin da ya taso daga Turai zai je Afirka ta Kudu sai ya tsallake Sahara ya sha mai a Kano. KLM ta fara sauka a 1947. Da aka ƙero jirage masu dogon zango, suka daina buƙatar tsayawa, sai suka riƙa wucewa ta sama. Abin da jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka yi wa fataken raƙuma, shi babban tanki ya yi wa Kano.

31/
'Yan Kano, kun san daga ina sunan Wapa ya fito, inda kuke canjin dala a Fagge? Taƙaitaccen sunan wata ƙungiyar jigilar mahajjatan Afirka ta Yamma ne, wadda Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa a ƙarshen shekarun 1940. Da motoci suka fara kai mutane ta hanyar Sudan, daga baya aka koma shatar jirgin sama. Tafiyar shekaru ta koma ta makonni, ta koma ta awoyi.

32/
Yau maniyyaci na tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa nan Katsina bayan isha'i, ya yi sallar asuba a ƙasa mai tsarki. Har muna ƙorafi in an yi jinkirin kwana ɗaya a sansanin alhazai. Ba na ce kada a yi ƙorafi ba, haƙƙinmu ne. Amma a riƙa tunawa.

33/
To mu koma kan abokina mai kayan waya. Jiya na zauna da taswira na tsara masa hanya, fuskar gabas, duk da jiragen Star Alliance. Alƙaluman nan nisan miƙe ne, na kusanta su:
• Kano–Alƙahira 1,920
• Alƙahira–Jidda 760
• Jidda–Delhi 2,410
• Delhi–Singafo 2,580
• Singafo–Gwanzu 1,640

34/
• Gwanzu–Tokiyo 1,800
• Tokiyo–Los Anjalas 5,470
• Los Anjalas–Niyok 2,460
• Niyok–Farankfot 3,850
• Farankfot–Abuja 2,840
Jimla kusan mil 25,730, hawa 10. Ya yi umara, ya sari kaya a Gwanzu, ya tsallake tekuna biyu, ya sauka Abuja. An yarda, tunda ƙasa ɗaya ce da Kano.

35/
Rararsa a mudun 29,000 ta kai mil 3,270. Ya ce shi fa Istambul yake so maimakon Jamus. Na buga: Niyok–Istambul kusan 5,000, Istambul–Abuja kusan 2,590. Ƙarin mil 900 ne kawai, ya shiga. Sai ya ƙara baki, wai a saka masa Ostireliya ya ga dabbar nan mai aljihu.

36/
Nan aka ji kunya. Tokiyo–Sidni kusan 4,850, Sidni–Los Anjalas kusan 7,490. In ka cire 5,470 na hanyar farko, ƙarin ya kusa mil 6,900. Jimla ta haura 32,000. Mudun 29,000 ya fashe, sai ya sayi na 34,000. Gari ɗaya tak ya canza masa farashin tikitin gaba ɗaya.

37/
Dabarun da na tsinta, ga mai niyya:
• Kudu da arewa ke cin mil. Duk sanda ka gangara ƙasan duniya ka hauro, ka biya sau biyu.
• Jirgin da zai kai ka kai tsaye ya fi mai ratse, don kowane ɓangare ana ƙirga shi.
• In ka sauka wani gari ka bi mota ko jirgin ƙasa zuwa wani ka tashi daga can, wannan tazarar ma ana saka ta a lissafi.

38/
• Tsayawar da ta wuce awa 24 ita ce zango. Ƙasa da haka canjin jirgi ne.
• An raba duniya shiyya uku: nahiyar Amurka, sai Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, sai Asiya da su Ostireliya. In ka fita daga shiyya ba ka komawa cikinta sai ta ɗaya gefen.
• Sharuɗɗan na sauyawa, a karanta na ranar kafin a biya ko sisi.

39/
Amma gaskiya tsakani da Allah, ga mai koren fasfo ba mil ne babban shinge ba, biza ce. Hanyar da na zana tana neman izinin shiga ƙasashe da dama, kowace da layinta da takardunta. Kuma ba yadda za ka tsallake tekuna biyun nan ba ka taɓa nahiyar Amurka ba. Ita ƙasar Amurka ko canjin jirgi za ka yi a filinta sai da biza.

40/
Ke nan a jera abin daidai: biza mafi wuya tukuna, sannan tikiti. Wani ɗan'uwanmu ya yi akasin haka. Wani ejan ya ce masa ya kawo kuɗi a "kama kujera", biza ba matsala, akwai hanya. Ya sayar da fili ya kai. Yau shekara biyu ke nan, babu biza, babu fili, lambar ejan kullum a kashe. Ba zan kama suna ba, shi ya san kansa.

41/
Kuma kada wani ya ce mana wannan harkar ta Turawa ce. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya bi Barth har Landan a 1855, ya komo, ya ƙare rayuwarsa a Kano. Abubakar Imam, wanda nan Katsina ya yi karatu ya koyar, ya je Ingila a 1943 ana tsakiyar yaƙi ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 2017 ɗan Najeriya Ademilola Odujinrin ya zagaye duniya shi kaɗai a ƙaramin jirgi.

42/
Cikin duk sharuɗɗan tikitin nan, na farkon ne ya fi taɓa ni: inda ka tashi nan za ka dawo, kuma da ranar komowarka a rubuce tun ba ka fita ba. Sarki Dikko ya sayi wannan da doguwar hanya. Wan kakata bai da abin sayensa. Ba wai ya fi Dikko ƙarancin niyya ko hankali ba ne, guzurinsa ne bai kai ba.

43/
Na faɗi haka ne don har yau muna fita irin fitarsa. Yaran unguwa nawa suka bi ta Agadas za su Libiya da kuɗin zuwa kawai? Mata nawa aka kai "aikatau" da bizar umara, fasfo a hannun wani? Mota ce da jirgi yanzu maimakon jaki, amma lissafin bai canza ba: in na isa can zan nemi na gaba. Iyaye na nan suna tambayar duk wanda ya sauka.

44/
Ban ce kada a fita ba. Garin nan da fita aka gina shi. Amma ƙanena, ƙanwata, kafin ka ɗaga ƙafa ka amsa wa kanka abu uku da madugu ke amsawa: zango nawa ne, mi zan ci a kowanne, da mi zan komo. In na ukun babu amsa, a dakata tukuna. Fasfonka kuma kada ya kwana a aljihun kowa.

45/
Kakata ta rasu ba ta ji labarin wanta ba. In yana da jikoki, suna wani ƙauye a Jazira ko wajen Sannar, wataƙila suna jin Hausa da ɗan karin Katsinanci ba su san daga ina ya zo ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya kai Jazira a Disambar shekarar. Duk sanda na ga hotunan masu gudun hijira sai in tsaya ina duban fuskoki. Allah ya kawo masu sauƙi.

46/
Roƙona: in a gidanku akwai wanda ya tafi gabas da ƙafa, ya komo ko bai komo ba, ku rubuta a ƙasa, da garin da aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe. Ku tambayi tsofaffi tun suna nan. 'Yan'uwa Hausawan Sudan da ke bibiyata, in kun taɓa jin wani dattijo na cewa asalinsu Ƙofar Marusa, akwatin saƙona a buɗe yake.

47/
Abokina kuwa ya karɓi takardar lissafin ya ninke ya sa aljihu, ya ce zai fara da Jibiya ranar Lahadi, kasuwa na ci. Mai shayi ya ce kafin a zagaye duniya a fara zagayowa ta wurinsa, akwai bashin kofi huɗu.

Wanda ya ga gyara ya gyara mani, a tura wa wanda zai amfana. Sai wani zaren.